Yadda za ku gane ko asusun ƙungiyarku ta masu kwalekwale na da lafiya ko ya fara mutuwa a tsaye

In ka ce ƙungiyar masu kwalekwale a cikin garin Damagaram wani dariya zai yi maka, ya ce garin da ake bin ƴan garuwa da bido ina shi ina jirgin ruwa. Amma duk wanda ya bi hanyar Gure ya tsaya Gidimuni, wajen kilomita 70 gabas da birni, ya san akwai ruwa kuma akwai masu ci da shi, haka Lassuri, haka sauran tafkunan kwarin Korama. Kuma da wuya ka je bakin tafki mai kifi ba ka tarar da wata ƴar ƙungiya ba, mutum talatin ko arba'in sun haɗa kai, suna da jirage uku ko huɗu na haɗin gwiwa, da koma, da shugaba da sakatare da ma'aji, ana zuba kotizasiyo duk wata. Da su nake, musamman ma'aji da sakatare, don kan su ne magana ke ƙarewa ranar da abu ya lalace.

Yadda aka saba dai shi ne ranar babban taro ma'aji ya buɗe akwati gaban kowa, a ƙirga, ya ce jika 200 ne cif, wato sefa 200,000, a yi tafi a ce Allah ya yi albarka a watse. To wannan ƙirgar ba ta gaya muku komai a kan lafiyar ƙungiya ba, abin da ta nuna kawai shi ne ma'aji bai gudu da kuɗi ba. Ƙungiya na iya samun jika 200 a akwati alhali ta riga ta mutu ba ta sani ba, saboda jiragenta huɗu duk sun kusa ruɓewa kuma ba a aje ko dala ta maye gurbinsu ba. Lafiyar asusu ba a ganinta a rana ɗaya, sai an jera shekaru kusa da juna an duba ina aka dosa.

Ku fara da tattaro tsofaffin kaye, wato littattafan lissafin ƙungiya, duk inda suke. Wani na gidan tsohon sakatare, wani na cikin leda ƙarƙashin katifar ma'ajin da ya rasu, wani yara sun yage rabinsa sun yi aikin lakkol da shi. Ku je da ladabi ku karɓo, kar ku je kamar masu bincike, in ba haka ba za a ce muku ya ɓata. Ko shekara uku kuka samu ta isa a fara, biyar ta fi. Resi, takardar da proje ya ba ku ranar da ya kawo kaya, saƙon NITA ko Amana da ke cikin wayar shugaba, duk ku haɗa.

Kafin ku tara ko lamba ɗaya sai kun warware wata matsala da ta sha haɗa mutanen kirki faɗa a banza. Mu nan da dala muke ƙirga a baki, da sefa ake rubutawa a takarda, amma ba kowane sakatare ne ke bin wannan ba. Wani in aka kawo dala ɗari sai ya rubuta 100, wanda ya gaje shi ya rubuta 500, kuɗi ɗaya ne amma in ka jera shafukan sai ka rantse kotizasiyo ta ninka sau biyar ko kuma wani ya ci kashi huɗu cikin biyar. Ku nemi wanda ya yi rubutun ku tambaye shi, in ba ya nan ku duba wani abin da kowa ya san farashinsa a shekarar, kamar kuɗin wata na mutum ɗaya, daga nan za ku gane da me ya ƙirga. Sai ku maida komai sefa, ku rubuta a bangon sabon kaye da manyan baƙaƙe cewa duk lambar da ke ciki sefa ce. Haka naira, in kuna sayar da banda ga ƴan kasuwar da ke zuwa daga Najeriya ko kuna sayo koma daga Kano, ku rubuta canjin ranar a gefe. Wanda ya aje naira a akwatin ƙungiya a 2023 ya ga abin da ya gani, da farkon shekara aka yi rikicin canjin takardun kuɗi, a watan Yuni kuma aka saki darajarta, dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Akwatin ƙungiya ba wurin ajiyar naira ba ne, a canza ta a satin da ta shigo.

Sai ku zaɓi rana ɗaya ta rufe lissafi ku riƙe ta duk shekara. Kar ku ce bayan sallah, don sallah na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, wata rana za ta faɗo a lokacin da kifi ke ciki wata rana a tsakiyar bazara da aljihun kowa ya bushe, kwatancen ba zai yi daidai ba. 31 ga Disamba ta fi sauƙi tunda ita hukuma da masu proje ke aiki da ita.

Yanzu aikin kansa. Ku buɗe tsakiyar kaye inda shafi biyu ke kallon juna, ku ja layuka da bik, kowace shekara layinta ɗaya daga hagu zuwa dama, shi ke nan ba sai da kwamfuta ba. Gida na farko mutanen da suka biya. Ban ce sunayen da ke rajista ba, na ce waɗanda suka biya. Rajista na iya cewa ku 60 ne, amma goma sun tafi ci rani ba su dawo ba, wasu na Agadas wasu na Libiya wasu na wajen zinariya a Jado, biyar sun tsufa an yafe musu ba a rubuta ba, wasu kuma suna nan bakin ruwa kullum suna hawan jirgin ƙungiya amma rabonsu da zuba ko dala tun damina biyu. In kuka ƙirga kuka ga 38 bara waccan, 31 bara, 22 bana, to kun riga kun ga cutar tun ba ku taɓa kuɗi ba. Mutum ba ya daina biya haka kawai, ko ya ga ba ya samun jirgi in ya nema, ko ya ga ɗan uwan shugaba bai biya ba kuma ba abin da aka yi masa.

Gida na biyu da na uku su ne wurin da yawancin ƙungiyoyi ke ruɗin kansu. Kuɗin da ya shigo ku raba shi biyu, na guminku daban na kyauta daban. Na gumi shi ne kotizasiyo, kuɗin hayar jirgi, kason da ake cirewa daga kamu, kuɗin fito in kuna ƙetarar da mutane da kaya, ɗan abin da baƙi ke bayarwa in an zaga da su kan ruwa, da tarar da aka ci wanda ya saɓa doka. Na kyauta shi ne abin da ONG ta kawo, ko ɗan siyasa lokacin kamfe, ko wani alhaji ɗan garin da ke zaune Yamai. Tafkunan nan suna jan hankalin masu proje, Lassuri na cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya da ake kira Ramsar tun 2005, Gidimuni ta shiga a 2019, ba laifi ba ne a karɓi taimako. Laifin shi ne a haɗa shi da kuɗin gumi a ce ƙungiya ta samu miliyan ɗaya bana, a fara kashe kuɗi kamar kowace shekara haka za ta zo. Ku rufe gidan kyauta da tafin hannu ku duba sauran, in abin da ya rage bai biya gyara da takardun izinin kamun kifi da zirga-zirga ba, to ba ku ke riƙe da ƙungiyar ba, proje ne ke riƙe da ita kuma proje na da ranar ƙarewa a rubuce tun ranar da aka sa hannu. Ga kuma wani abu, kuɗin da aka ba ku don aiki takamaimai, a ce sayen rigunan kariya ko yankan kacalla, ba naku ba ne har sai an yi aikin, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kar ya shiga ƙirgar ranar taro.

Kuɗin da ya fita ba wuya, a rubuta shi dai da gaskiya kuma a ware gyaran jirage a gidansa shi kaɗai: katako, ƙusa, kwalta, ladan kafinta, filafili. Wannan gidan yana magana sosai in an jera shekaru. Jirgi sabo shekarar farko kusan ba ya cin komai, ta biyu a ɗan toshe nan da can, daga nan sai abin ya riƙa hawa, kuma za ku gani da ido ma ba sai a kaye ba, yaron da ke zaune a tsakiya da gwangwani yana kwalfe ruwa, da sai an kai tsakiyar tafki yake farawa yanzu tun daga gaɓa hannunsa bai hutawa. Ranar da gyaran shekara ɗaya ya kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabo, ni a ganina an daina gyara an koma zuba kuɗi a ruwa.

To ga babbar maganar, wadda saboda ita na zauna rubuta duk wannan. Jirgi yana cin kuɗi ko da ba a gyara shi ba, kullum yana tsufa, rana na busar da shi in ruwa ya ja baya, ruwa na ruɓar da shi in ya dawo. Wannan tsufan kashe kuɗi ne, sai dai ba wanda ke zuwa da resi ya ce a biya shi, shi ya sa ba ya shiga kaye. Ku za ku shigar da shi da hannunku. Bari in ba da misali, lambobin nawa ne na kwatance, ku sa naku na gaskiya. A ce jirgi ɗaya jika 150 ne kuma tsofaffinku sun ce shekara 5 yake yi kafin ya zama itacen wuta, kenan kowace shekara yana cin jika 30. Jirage huɗu jika 120 a shekara, jika 10 duk wata. Yanzu ku koma ga akwatin nan da aka yi wa tafi. Jiragen sun shekara uku, ya kamata a ce an tara jika 360 a gefe, abin da ke akwai 200, ashe ba rarar jika 200 kuke da ita ba, giɓin jika 160 ne. Kamar manomin da ya buɗe rumbu ya ga hatsi ya yi murna ne, alhali irin da zai shuka baɗi ne yake ci.

Kuma abin bai kai yadda ake tsoronsa ba in an fara da wuri. Jika 120 a raba wa mutum 40 masu biya, jika 3 kowa a shekara, dala hamsin a wata. Dala hamsin fa. Amma in aka bari sai jiragen huɗu duk sun ruɓe sannan a ce kowa ya kawo jika 15 cikin sati biyu, rabin mutane za su ɓace, sauran su yi ta gunaguni suna cewa ina kuɗin da muka daɗe muna zubawa. Jirgin da proje ya ba ku kyauta shi ma haka za ku yi masa lissafi, har ma ya fi buƙata, don shi ne wanda ba wanda ya ji zafin sayensa. Koma da taru su ma a yi musu, sai dai shekarunsu ba su kai na jirgi ba. Kuma duk shekara ku aika a tambayo farashin sabo a gyara lambar, kar ku tsaya kan farashin da kuka saya. Katako da zaren koma yawanci daga kudu suke zuwa mana, kun ga yadda kaya suka yi lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023. Dattawa kuma za su ba ku labarin Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Don haka a ƙarshen kowane layi ku ƙara ɗan gida guda ku rubuta jirgi nawa kuɗin ajiyarku zai saya a farashin ranar. In bara jirgi ɗaya da rabi ne bana ɗaya, kun yi baya ko da lambar sefa ta ƙaru.

Bashi kuma. Wanda ake bin ƙungiya a rubuta shi duka har na kafintan da ya ce ba komai sai kun samu, ba komai ɗin nan yana da ranarsa. Wanda ƙungiya ke bin mutane shi ne mai wuyar sha'ani, saboda kunya. Malam wane ya ari jika 20 matarsa ta haihu, wane ya ari 15 zai kai tsohuwarsa asibiti a Zinder, shekara biyu ba labari, kuma ma'aji na ci gaba da ƙirga su a matsayin dukiyar ƙungiya. Ni shawarata duk bashin da ya wuce shekara ba a biya ko kaɗan daga ciki ba a cire shi daga lissafin lafiya, a ci gaba da nema amma kar a dogara da shi. Ba na cewa a daina taimakon juna, ai don shi aka haɗu, suna da biki da rasuwa ba sa jira. A yi musu ƙaramin asusu nasu daban, kowa ya riƙa jefa ɗan abu, in ya ƙare ya ƙare. Kuɗin tsufan jirgi kuwa ko shugaba ne ya zo da hawaye ba a taɓawa, kuma gara a rubuta wannan a dokar ƙungiya tun ana dariya, don ma'aji ya samu abin fakewa, ya ce baba wallahi ba ni na hana ba takarda ce.

In kun cire kuɗin proje, kun cire na tsufan kaya, kun cire bashin da ake binku, abin da ya saura shi ne kuɗinku na gaske. Ku raba shi da abin da kuke kashewa a wata. Jika 75 ne kuma kuna kashe 25, kuna da wata uku. Sai ku tambayi kanku wata nawa kuke yi ba shigar kuɗi, lokacin da ma'aikatan gandun daji suka rufe kamun kifi bayan an zuba ƴaƴan kifi, ko lokacin da ruwa ya ja baya, ko damina da kowa ya koma gona. In watannin zaman sun fi watannin kuɗin yawa kun san amsa. Kuma damina ba ta da alkawari a ƙasar nan, shekarar da ruwa bai cika tafki ba tarwaɗa da karfasa ba za su yi auki ba, kotizasiyo ma za ta faɗi a daidai lokacin, don masu biyan su ne masu kamun. Shi ya sa shekara ɗaya mai muni ba ta isa a ce ƙungiya ta lalace ba, ɗaya mai kyau ma ba ta isa a yanka rago ba. Uku a jere suna gangarawa ita ce magana.

Wajen ajiya ba sai mun ƙirƙiro sabon abu ba, mata sun riga mu. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991 ya bazu ko'ina da akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mutum uku, akwatin a gidan na huɗu, ba a buɗewa sai gaban jama'a. Ku kwafa ba kunya. In kuɗin tsufan jirgi ya fara kauri ku kai shi banki ko asusun ajiya da hukuma ta amince da shi, da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne kuɗin ƙungiya a cikin layin wayar ma'aji na kansa. Ba sai ya yi niyyar ci ba, zai sayi kati da shi, zai tura wa ƙaninsa ya ce gobe zan mayar, in kuma Allah ya yi masa rasuwa lambar sirri ta tafi da shi, magada su ce kuɗin babansu ne. Sannan mai riƙe kuɗi daban mai riƙe kaye daban, da mutum biyu waɗanda ba sa cikin biro da za su riƙa duba kaye da akwati duk wata uku. A gaya wa ma'aji tun farko cewa wannan kariyarsa ce, don ranar da aka fara ƙus-ƙus a majalisa su ne shaidunsa.

Ta fannin hukuma a taƙaice, ƙungiyoyi a Nijar suna ƙarƙashin dokar 84-06 ta 1 ga Maris 1984, kuma ƙungiyar da ba ta neman riba ba ta raba rara ga membobinta, abin da ya saura komawa yake cikin aikin. In abin da kuke so shi ne a yi kasuwanci tare kowa ya samu kasonsa to koperatif ya kamata ku yi, ita dokar 2010 ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ce ke tafiyar da ita, ku je ku yi tambaya a ma'aikatar da ta dace kafin ku rikita biyun. OHADA ɗin ta kuma fitar da tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba na riba ba, a Yamai aka amince da shi a Disamban 2022 ya fara aiki 1 ga Janairun 2024, kuma ƙananan ƙungiyoyi an yi musu mai sauƙi na shiga da fitar kuɗi. Wanda ke riƙe da kayen da na kwatanta ba zai sha wuya ba in aka nemi takardu.

In kun gama jan layukan kuka ga abin ba daɗi, kar biro ta ɓoye ta ce sai ta gyara tukuna. A kira taro, a zana shafin nan a allo ko a jikin bango da gawayi, a karanta da dala tunda da ita mutane ke ji, a bar kowa ya gani da idonsa. Zaɓin ba shi da yawa: a ƙara kotizasiyo, a ƙara kuɗin haya, a hana jirgi ga wanda ake bi wata uku, ko a rage jirage. Na ƙarshen nan shi mutane suka fi ƙi saboda ana ganin kamar faɗuwa ce, amma ƙungiya mai mutum 22 masu biya ba ta iya ɗaukar jirage huɗu, lissafin ba ya fita ko ta ina aka juya shi. A sayar da wanda ya fi tsufa tun yana da mai so, kuɗinsa ya zama farkon asusun tsufan sauran ukun, a rubuta ranar da aka yi da sunayen waɗanda suka halarta, a sa hannu ko a dangwala yatsa.